Katin girafik mai OC ko wanda ba OC: yadda za ka zaɓa kafin ka miƙa kuɗinka

Ƙanina ne ya ja min wannan rubutun. Wata da watanni yana tara kuɗi zai haɗa sabuwar kwamfuta, firosesa ya zaɓa, madabod ya zaɓa, ram ma haka, sai da aka zo kan katin girafik, wato katin da ke sarrafa hoton da kake gani a sikirin, ya tsaya cak, saboda mai shago ya ajiye masa kwali biyu a gabansa, hoto ɗaya, lamba ɗaya, kamfani ɗaya, bambancin kawai ɗaya an rubuta masa OC a gefe kuma ya fi ɗan'uwansa tsada. Ya kira ni a waya yace Yaya wanne zan ɗauka, mai shagon yace wai mai OC ɗin ya fi gudu nesa ba kusa ba. Nace masa mayar da kuɗinka aljihu tukuna, ka zo gida mu yi lissafi. Abin da na gaya masa ran nan shi zan shimfiɗa a nan daki-daki, don na san ba shi kaɗai ne yake tsayawa a wannan gaɓar ba.

Da farko ka san me kake saya

Kwakwalwar katin, wato cif ɗin da ke tsakiya, Nvidia ko AMD ne suke tsara shi, ko Intel yanzu da suka shigo da Arc. Su ASUS da MSI da Gigabyte da Zotac da Palit da Sapphire da PowerColor da XFX sayen cif ɗin suke yi, su ɗora shi a kan allonsu, su sa masa ƙarfen sanyaya da fankoki, su sa a kwali da sunansu. Toh shi mai cif ɗin yana bada lamba, yace ga gudun da wannan cif ɗin zai yi, ana auna shi da megahaz. Kamfanin da ya bar lambar yadda take, katinsa shi ne na asali. Wanda ya ɗan ƙara mata wani abu tun daga masana'anta ya rubuta a cikin bayos, wato 'yar manhajar da ke cikin katin, shi ne mai OC, wato an yi masa obakulok kafin ya iso hannunka. Shikenan fa. Cif ɗaya ne, yawan memori ɗaya ne, ɗan Juma ne da ɗan Jummai.

A nan akwai wani ruɗani da nake yawan ji, mutum yace ai Ti ma OC ne, ko Super, ko XT. A'a. Waɗannan kati ne daban, cikinsu ya bambanta. RTX 4070 tana da ƙananan injinan lissafi da ake kira CUDA guda 5888, ita kuwa RTX 4070 Super 7168 gare ta. Duk obakulok ɗin duniya ba zai haifar maka da ƙarin 1280 ɗin nan ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kowane kamfani kuma da yadda yake nuna nasa. MSI kan sa harafin X, Gaming Trio daban Gaming X Trio daban. ASUS idan ka duba lambar kayan a jikin kwali za ka ga O12G a maimakon 12G, wannan O ɗin shi ne OC. Zotac da Gigabyte su kai tsaye suke rubutawa.

Mataki na biyu: ɗauko kalkuleta

Wannan shi ne matakin da yake kashe gardama, kuma minti biyu ne. Shiga shafin kamfanin ka nemo gudun da suke rubutawa boost clock na katin mai OC, ka nemo na asali a shafin Nvidia ko AMD, ka raba babba da ƙarami.

Bari mu yi da RTX 4070 tunda ta yawaita a kasuwa. Nvidia ta fito da ita a Afrilun 2023 a kan dala 599, gudunta na asali megahaz 2475. ASUS Dual mai OC tana zuwa da 2520, idan ka kunna mata yanayin OC a manhajarsu ta kai 2550. MSI Gaming X Trio, wadda take cikin manyan, 2610. Lissafa ka gani: 2520 a kan 2475 bai kai kashi 2 cikin 100 ba, 2550 kashi 3 ne, ita babbar ma kashi 5 da rabi. RTX 3060 da mutane da yawa har yau suke saya, asalinta 1777, MSI Gaming X ta kai ta 1837, kashi 3 da ɗoriya. A ɓangaren AMD, RX 9070 XT ta 2025 asalinta 2970 tana jan wat 304, Sapphire Nitro+ ta kai ta 3060 amma wutar ta haura zuwa wat 330, kaga an ƙara gudu kashi 3 an ƙara shan wuta wajen kashi 9.

Yanzu mayar da wannan kashin zuwa abin da ido yake gani. Idan gem ɗinka yana tafiya a firem 60, wato hoto 60, cikin daƙiƙa, ƙarin kashi 3 firem 62 kenan, shi ma in an yi sa'a, don gudun cif ba shi kaɗai yake ja ba, memori na nan, firosesa na nan. Wallahi in aka ajiye maka sikirin biyu, ɗaya 60 ɗaya 62, aka rufe lambar da ke sama, ko rantsuwa aka ba ka ba za ka iya nuna wanne ne wanne ba. In kuma monitarka mai haz 60 ce, irin wadda yawancinmu muke da ita, toh ƙarin ma ba inda zai fito, ita sau 60 kawai take sauya hoto.

Sai ka raba kuɗin su ma. In mai OC ya fi da kashi 10 a farashi ya ba ka kashi 3 a gudu, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. In bambancin ɗan kaɗan ne, kuɗin katin waya da abin taɓawa, ko ma farashi ɗaya ne, wanda yana faruwa sosai don wasu samfuran mai OC ɗin ne kawai ake kawowa, ɗauki mai OC ɗin abinka, babu laifi a cikinsa.

Abin da mai shago ba zai gaya maka ba, watakila shi ma bai sani ba

Lambar da ke jikin kwali ba ita ce gudun da katin yake yi ba. Tun 2012 da Nvidia ta fito da GTX 680 ta shigo da tsarin GPU Boost, AMD ma tana da irin nata, kati yana duba kansa da kansa kowane lokaci, yana duba zafinsa, yana duba wutar da yake ja, in ya ga da sauran fili sai ya ƙara gudu ba tare da ya tambaye ka ba. Shi ya sa 4070 ɗin da aka rubuta mata 2475, kunna gem ka duba, za ka same ta tana yawo a sama da 2700, ita da ba OC ba kenan. Lambar kwalin kamar ƙiyasi ce kawai, ba ita ce iyakar gudun katin ba.

Kuma juyin haka ma gaskiya ne. Da zafi ya fara hawa sai katin ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan, megahaz 15 nan 15 can, in ya doshi digiri 83 a katunan Nvidia sai ya ja birki sosai don ya kare kansa. Ma'ana kati mai OC da ƙaramin ƙarfen sanyaya, a ɗaki mai zafi, yana iya gudu ƙasa da wanda ba OC ba mai babban ƙarfe. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wannan ne ya kawo mu kan abin da ni a ganina shi ne ainihin zancen.

Mataki na uku: sanyaya kake saya, ba megahaz ba

Masu gwada katunan nan a Turai da Amurka a ɗaki mai digiri 21 ko 22 suke aunawa. Kai kuma kana Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, a watan Afrilu waje ya haura 40, ɗakinka in babu esi yana 33 ko 35 da rana, fankar sama iska mai zafi kawai take juyawa. Ƙarfen sanyaya ba ƙanƙara yake yi ba, iskar ɗakin yake ja ya hura wa cif, don haka duk digirin da ɗakinka ya fi nasu, kusan haka zai hau kan zafin katin. Katin da suka ce ya tsaya a 68 a wajensu, a wajenka ka sa ran 80. Wanda suka ce ya kai 75, kai a naka ya riga ya shiga inda ake jan birki, fankokinsa kuma suna ihu kamar injin markaɗe. Ga ƙurar hunturu da take toshe haƙoran ƙarfen cikin 'yan makonni.

Saboda haka sai ka raba katunan OC gida biyu a kanka. Gida na farko, waɗanda komai nasu ɗaya ne da na asalin, ƙarfe ɗaya, fanka ɗaya, allo ɗaya, lamba kawai aka canza a bayos, irin ASUS Dual da Dual OC, ko Zotac Twin Edge da Twin Edge OC. Waɗannan duk kanwar ja ce, mai arahar za ka ɗauka. Gida na biyu su ne manyan, irin ROG Strix, Gaming X Trio, Aorus, Nitro+, Red Devil, waɗanda OC ɗin ɗan rakiya ne, abin da ya sa suke tsada shi ne ƙarfe mai kauri, bututun jan zafi masu yawa, fanka uku, kayan rarraba wuta masu ƙwari, wasu har da ɗan makunni na bayos biyu, ɗaya na shiru ɗaya na gudu, wanda kuma yake cetonka in ɗaya ya lalace. A nan kam akwai abin da kuɗinka ya saya, kuma a yanayinmu yana da amfani fiye da yadda yake da shi ga mutumin Jamus.

Amma fa ka duba wutar katin kafin ka ruɗu. RTX 4060 wat 115 kawai take ja, 5060 kuma 145, ɗora wa irin waɗannan fanka uku da ƙaton ƙarfe ado ne kawai, fanka biyu sun ishe su har da saura. Daga wat 200 zuwa 250 mai fanka biyu mai kyau zai riƙe, mai uku ya fi kwanciyar hankali. Daga wat 300 zuwa sama kar ka yi rowa a sanyaya, nan ne sayen nagari yake mayar da kuɗi gida. Mai fanka ɗaya kuwa, in ba ƙaramin kes ne ya tilasta maka ba, ka bar musu kayansu.

Yadda za ka gane mai sanyaya ta gari: nemi gwajin ainihin samfurin da kake so, ba na cif ɗin kawai ba. TechPowerUp suna auna zafi da ƙara na kowane samfuri daban, Gamers Nexus da Hardware Unboxed ma suna yi a YouTube. Duba zafin cif, duba zafin wuri mafi zafi a cikinsa, duba na memori, sannan ka ƙara digiri 10 zuwa 13 a ranka.

Mataki na huɗu: leƙa benen sama

Kafin ka biya kuɗin babban OC, tambayi farashin kati na gaba da shi, mafi arahar samfurinsa. Sau da yawa za ka sha mamaki. A Janairun 2024 RTX 4070 Super ta fito a kan dala 599, daidai kuɗin da 4070 ta fito da shi, ta kuma fi ta da wajen kashi 15 a gem, wanda ba wata 4070 mai OC da ta isa ta kamo. Wani misalin da ya fi wannan zafi shi ne RTX 5060 Ti ta 2025, da ta fito mai memori gig 8 dala 379, mai gig 16 dala 429. Dala 50 ne tsakani. RX 9060 XT ma haka, 299 da 349. Mutum ya ɗauki dala 50 ɗin nan ya zuba a kan mai gig 8 mai OC da fitilu masu walƙiya, ya bar mai gig 16 da ba ado, wannan shi ne kuskuren da ya fi ba ni haushi, don in memorin kati ya cika gem tsinkewa yake yi yana sarƙewa, hotuna su ƙi fitowa da kyau, megahaz ba sa maganin wannan ko kaɗan.

Masu editin bidiyon biki da finafinai da Premiere ko DaVinci Resolve, da masu Blender, ku wannan ya fi shafa. Ɓangaren da ke matse bidiyo a cikin katin iri ɗaya ne a mai OC da wanda ba OC, abin da zai raba ku da jira shi ne yawan memori da ajin cif ɗin.

Mataki na biyar, tef da fawa sufulai

Wannan gajere ne amma ya sha mayar da mutane kasuwa. Manyan katunan OC dogaye ne. ASUS Dual 4070 wajen santimita 27 ce, Gaming X Trio ta cif ɗaya wajen 34. Auna kes ɗinka da tef, in akwai fankoki ko radiyeta a gaba ka cire kaurinsu. Duba soket ɗin wuta ma, Dual ɗin fin 8 guda ɗaya take so, Trio ɗin kuma sabon mai fin 16, irin wanda aka yi ta surutu a kansa a ƙarshen 2022 lokacin da wasu suka narke a RTX 4090, yawanci inda ba a danna shi ya shige duka ba. In naka irinsa ne danna har ka ji ƙas, kar ka lanƙwasa wayar dab da bakin. Nvidia ta ce fawa sufulai mai wat 650 ga 4070, kuma ka sayi fawa sufulai mai suna, ba irin wanda ake haɗawa kyauta da kes ba. In da inbata ko sola kake aiki, ƙarin wat 25 ko 30 na OC na awa huɗu biyar kullum batirinka zai ji shi, kai kuma ba za ka ga komai a sikirin ba.

In na hannu za ka saya

Da yawanmu tokumbo muke iya saya, ba abin kunya ba ne. A nan kalmar OC ba ta da wata daraja, kar ka yarda a ƙara maka ko sisi saboda ita. Abin dubawa shi ne lafiyar katin. Tun Satumbar 2022 da Ethereum ta daina haƙa da katin girafik, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa, musamman jerin RTX 30 da RX 500 da 6000. A sa maka shi a kwamfuta a gabanka, buɗe manhajar GPU-Z ka tabbatar sunan da memorin sun yi daidai da kwali, manhajar tana ma tona wasu na jabu da aka canza wa bayos, sannan a kunna gem mai nauyi ko manhajar gwaji ta Superposition na minti 20 kana kallon zafi, kana sauraron fanka ko akwai mai gurnani, kana duba sikirin ko wasu ɗige-ɗige da layuka za su fito. Ni na taɓa sayen wani a hannun wani mai shago ban yi wannan gwajin ba saboda sauri da kunya, sati biyu fanka ɗaya ta tsaya, da na koma yace ai lafiya lau ya ba ni. Ka yi maganar waranti ƙarara kafin ka biya, kwana nawa, a rubuta a rasit, don warantin kamfani na shekara 3 da ake gani a intanet sau da yawa yana bin ƙasar da aka fara sayar da katin ne, mayar da shi can kuma wani aiki ne.

Na ƙarshe: yi OC ɗinka da kanka, kyauta

Abin da kamfani yake cajinka a kai, kai ma za ka iya a zaune. Hanya mafi sauƙi, a NVIDIA App akwai wurin da za ka kunna ta gwada katin da kanta ta ƙara masa abin da zai iya ɗauka, AMD ma a cikin Adrenalin akwai irinsa da dannawa ɗaya. In kana son da hannu, sauke MSI Afterburner, tana aiki da katin kowane kamfani ba sai na MSI ba, amma daga shafin MSI ko Guru3D kawai, don akwai na bogi masu ɗauke da bairos. Fara da auna katin yadda yake ka rubuta firem da zafi. Ƙara wa cif megahaz 50, gwada minti 15, in lafiya ƙara 25, haka haka har ranar da gem ya rufe kansa ko sikirin ya yi ƙyaftawa, sai ka koma baya da 30 ka tsaya a nan. Memori ma haka, da 100 100 ko 200 200. Kar ka danna maɓallin da zai sa saitin ya tashi da Windows sai ka yi kwana biyu uku kana gem ba matsala, in ya faɗi kafin nan ristat kawai zai mayar da komai yadda yake. Inda za ka tsaya sa'a ce, kati biyu daga kwali ɗaya ba sa kaiwa wuri ɗaya, amma ƙarin 45 ko 75 ɗin da ake sayar maka da sunan OC kusan kowanne yana ɗauka. Bambancin kawai na kamfani an lamunce maka shi, naka kai ka lamunce wa kanka.

Ni a nawa katin ma akasin haka na yi. A Afterburner na ja iyakar wuta ƙasa zuwa kashi 80, firem ɗin da na rasa sai na duba lamba nake sanin na rasa, amma zafi ya sauka, fankoki suka yi shiru, inbata ta huta. Wanda ya ƙware zai iya danna Ctrl da F ya buɗe jadawalin boltej ya rage shi a hankali, wannan ya fi kyau ma amma yana son haƙuri. Ƙanin nawa dai a ƙarshe wanda ba OC ɗin ya ɗauka, mai fanka biyu, canjin da ya rage ya sayi fankokin kes guda biyu na gaba da ragar tace ƙura, na kuma ce masa daga Disamba zuwa Fabrairu duk sati biyu ya kashe, ya zare waya, ya riƙe fankar da yatsa kar ta juya, ya hure ƙarfen da bulowa.